Babi na Shida: Laminet ko Binil? Daɓen Ɗakin Aiki a Gida

Wata safiya a tsakiyar watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, na shiga ɗakin da nake aiki ba takalmi kamar kullum, sai na ji wani abu ya karci tafin ƙafata daidai ƙarƙashin taga. Na durƙusa na shafa. Allunan daɓen ne suka tasa, kowanne ya ɗaga leɓe a inda ya haɗu da ɗan'uwansa, kamar shafukan littafin da ya jiƙe aka shanya. Wata bakwai ke nan da shimfiɗa su. Laminet ne mai ruwan goro, wanda duk baƙon da ya leƙo sai ya tambayi inda na samo katako mai kyau haka.

Na kira wanda ya yi mini aikin. Ya zo da la'asar, ya ɓamɓare sikatin gindin bango, ya zare allo ɗaya, ya juya shi. Cikinsa ya kumbura ya yi laushi, kana iya gutsurarsa da farce. Sumuntin da ke ƙasa kuwa ya yi duhu, danshi har kana jin sanyinsa a hannu.

Ya ce, "Malam, ka gani da idonka. Ruwan nan daga ƙasa yake tasowa."

Na ce, "To in rana ta fito ya bushe, zai koma?"

Ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, laminet in ya sha ruwa ya sha ke nan. Sai dai canji."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya kamata ya faɗa mini tun ranar da ya zo awo shi ne bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Na shafe mako biyu ina yawo daga shago zuwa shago ina kwatanta launi da zane, ban ba da ko minti goma ga ƙasar da za a ɗora abin a kanta ba. Saboda haka nake son mai karatu ya soma daga inda ni na ƙare.

Tun shekarar 2020, da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, ɗakin aiki ya zama ɗaki na musamman a gidaje da yawa a biranenmu. Malamin jami'a da ke duba takardun ɗalibai, akanta, mai zanen gini, matar da ke sayar da atamfa da turare ta intanet, matashin da ke rubuta manhaja ga kamfanin da ke wata ƙasa, kowa ya keɓe ɗaki ko lungu ya sa tebur da kujera. Ɗakin nan kuwa ya bambanta da falo da ɗakin kwana. A falo ƙafa ce ke wucewa. A ɗakin aiki akwai kujera mai taya biyar ɗauke da nauyin mutum, tana kai da komo a fili guda wanda bai wuce faɗin tabarma ba, awa takwas kullum. Babu wani wuri a gida da daɓe ke shan wahala irin wannan ɗan filin da ke gaban tebur.

Idan ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja kana neman daɓe mai kamar katako, abu biyu za a ɗauko maka, kuma a ido kusan ba su da maraba. Dukansu dogayen alluna ne masu zanen itace, yawanci bakinsu na shiga cikin na juna ya kulle ba tare da gam ko ƙusa ba. Bambancin yana ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ka roƙi mai shago ya ba ka yankakken guntu na kowanne, ka dubi gefensu.

Na laminet za ka ga cikinsa ruwan ƙasa-ƙasa, kamar kwalin da aka danne. Itace ne aka niƙa ya zama zare-zare, aka cakuɗa da gam, aka matse da zafi har ya zama allo mai tauri. A kansa aka ɗora takarda mai hoton katako, hoto ne kawai irin na ɗab'i, sannan aka rufe da wani siririn rufi mai haske kamar gilashi wanda aka zuba wa garin ma'adini mai tsananin tauri don kada ya karce. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a 1977, ya fito da shi kasuwar Turai da sunan Pergo a 1984, ya kai shi Amurka a 1994. Da farko da gam ake haɗa allunan. Sai a shekarun 1990 kamfanoni a Suwidin da Beljiyam suka fito da bakin da ke kullewa da kansa, daga nan aikin ya yi sauƙi, kayan suka bazu duniya. Kaurinsa yakan kama daga milimita 6 zuwa 12.

Binil kuwa ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe, suna ne kawai ya sauya. Ledar ɗaki da ake shimfiɗa wa amarya, wadda ake yankowa daga nadi a kasuwa, binil ce. Roba ce da ake kira PVC, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita. Asalinta mai tauri ce, ba ta lanƙwasuwa, sai a 1926 wani masani a Amurka, Waldo Semon, yana aiki a kamfanin taya na B.F. Goodrich, ya gano yadda za a tausasa ta. Abin da ke kasuwa yanzu a matsayin alluna jikan waccan ledar ne, amma ya yi wa kakarsa nisa. Akwai mai laushi da ake liƙawa da gam, akwai kuma mai tauri da 'yan kasuwa ke kira SPC, wanda fiye da rabin cikinsa garin farin dutse ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin sumunti, aka gauraya da roba. Shi ya sa in ka ɗaga kwalinsa za ka ji nauyi, alhali allon yawanci bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba. A gefensa za ka ga fari ko toka-toka, babu ɓurɓushin itace ko kaɗan.

Ɗaya itace ne da aka yi wa riga, ɗaya dutse da roba. Duk sauran bayanin daga nan ya samo tushe.

Itace yana shan ruwa, ko daga sama ko daga ƙasa ko daga iska. Fuskar laminet ba ta shan ruwa, amma mahaɗin alluna yana sha, kuma in cikin ya kumbura ba ya komawa. A ƙasashen da aka ƙirƙiro shi, mutane ba sa wanke ɗaki da bokiti. Mu kuwa haka muka saba, domin da sumunti da tayil muka tashi: a tsoma tsumma, a watsa ruwa, a goge, a bar iska ta busar. Kana iya hana kanka, amma ba kullum kake gida ba lokacin da yaro ko mai aiki zai shiga shara. Ga alwala: mutum ya fito daga banɗaki ƙafa a jiƙe ya shiga ɗakin aikinsa ya tada salla, sau huɗu ko biyar a rana, a kan hanya guda. Ga na'urar sanyaya ɗaki da bututunta kan toshe ta riƙa ɗiga ta cikin bango cikin dare. Ga tagar da aka manta a buɗe hadari ya taso. Kowanne cikin waɗannan ƙaramin abu ne ga binil, a sa tsumma a tsane shi ke nan. Ga laminet kowanne yana iya zama sanadin ɓarna. Akwai laminet na zamani da aka shafe bakinsa da kakin da ke korar ruwa, masu yin sa suna cewa zai jure ruwan da ya zube a kansa na kwana ɗaya ko fiye. Yana da amfani, amma alƙawarin na ruwan sama ne, bai shafi danshin da ke tasowa daga ƙasa ba.

Wannan danshin na ƙasa shi ne ya ci nawa, kuma shi ne abin da aka fi rainawa. Gidaje da yawa a unguwanninmu an zuba musu kankaren ƙasa ba tare da an shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi ba, wasu kuma a filin da dā fadama ne ko kududdufi aka cike. Da rani ƙasar ɗakin a bushe take ƙayau. Da damina ta yi nisa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, sumuntin ya riƙa tsotsarsa kamar lagwani. Idan tayil ne a kai ba ka cika lura ba, sai dai ka ga fenti yana ɓarewa a gindin bango, ko wani farin gishiri-gishiri yana fitowa. Duk ɗakin da ka ga wannan alama a gindin bangonsa, ka cire laminet daga lissafinka.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin kuɗi. Ka yanki leda mai kauri, kamar kamu ɗaya tsawo kamu ɗaya faɗi, ka shimfiɗa a kan sumuntin, ka liƙe gefenta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ka yi haka a wuri biyu ko uku, musamman kusa da bangon waje da bangon banɗaki. Washegari ka ɗaga. In ka ga raɓa a cikin ledar, ko sumuntin ƙarƙashinta ya fi na kewaye duhu, ƙasar tana da danshi. Amma a watan Agusta ko Satumba ake wannan gwaji. Wanda ya yi shi a Maris ya ga a bushe, bai san komai ba tukuna game da ɗakinsa. Sabon daɓen sumunti kuma yana buƙatar makonni kafin ya bushe har ciki, magina na ƙasashen waje suna lissafin kamar kwana ɗaya ga kowace milimita ta kauri. Mu kuwa sau da yawa birkila zai gama ranar Litinin, mai shimfiɗa ya zo ranar Alhamis.

Kada kuma a ɗauka binil ya raba mutum da wannan matsala baki ɗaya. Shi kansa ba ya kumbura, amma danshin da ya maƙale a ƙarƙashinsa ba shi da mafita. Duk wanda ya taɓa ɗaga tsohuwar ledar ɗaki bayan damina ya san baƙin funfuna da warin da ke ƙarƙashi. In mai gam ne, gam ɗin yakan saki. Don haka ko wanne ka zaɓa, a ɗakin ƙasa sai an fara shimfiɗa ledar tare danshi, a ɗora bakin wata a kan wata, a liƙe, a ɗan hau da ita jikin bango ta bayan sikatin. In danshin ya yi yawa, gyaran ginin ne a gaba da sayen daɓe.

Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin sumunti ya zo. Na tashi na tarar da kakata tana ba da labarin yadda ake daɓen ɗakin amarya: a kawo tsakuwa da jar ƙasa a baje, matan unguwa su taru kowacce da madaɓinta, suna bugu suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, har ƙasar ta yi santsi ta yi duhu tana sheƙi. Makubar ita ce ke ƙara mata ƙarfi ta hana ruwa cinta. Wuni guda ko fiye ake yi a kan abin da daga baya tabarma za ta rufe. Sun ba wa ƙasan muhimmanci fiye da shimfiɗar, mu kuma mun juya lamarin.

Bayan ruwa sai iska. Laimar iska a Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a lokacin hunturu da farkon bazara, ta haura 70 a watan Agusta. Laminet yana numfashi tare da wannan sauyi, ya tsuke da hunturu, ya buɗe da damina. Shi ya sa ake barin tazara ta kimanin milimita 10 tsakaninsa da bango ta kowane gefe, sikatin ya rufe ta. Masu aiki da yawa ba sa son barin wannan tazara, suna ganin kamar aikin bai yi kyau ba, sai su matse allo da bango. In an yi haka a watan Janairu, lokacin da allunan suke a tsuke iyakar tsukewa, to da damina ba su da inda za su, sai tsakiyar ɗaki ta yi tozo. Ka tsaya a kan mai aikinka ka ga tazarar da idonka. Kuma a ajiye kwalayen a kwance cikin ɗakin kwana biyu kafin a buɗe, su saba da iskarsa. Akwai kuma gara. Ba sai na yi dogon bayani ba: cikin laminet itace ne, kuma yana kwance a wuri mai duhu da ba a gani.

To me ya sa har yanzu ake sayen laminet? Domin yana da nasa fifikon, kuma a ɗakin aiki fifikon ba ƙarami ba ne. Fuskarsa ta fi ta binil tauri nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu da rairayin da ke shigowa da takalmi, in tayar kujera ta hau kansu tana murzawa, aikin sanfefa suke yi. A kan binil mai araha, cikin shekara guda za ka ga wata da'ira ta dusashe a gaban tebur, hasken ya tafi, ƙananan layuka sun cika wurin. Laminet mai kyau yana daɗewa kafin ya nuna haka. Yana kuma jure nauyi ba tare da ya lotsa ba. Yana jure zafi: garwashi ɗaya da ya faɗo daga kaskon turaren wuta zai narka rami a binil nan take, a laminet kuwa in an yi saurin ɗaukewa sau da yawa ba ya barin tabo mai yawa. Rana ma haka. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, a watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40 a inuwa, filin da rana ke duka yakan yi zafin da binil mai laushi zai buɗe ya tasa a mahaɗi, launinsa kuma ya kwashe. SPC ya fi haƙuri saboda dutsen da ke cikinsa, amma shi ma yana son labule. Sannan ga kauri: laminet na milimita 10 ko 12 yana ba ƙafa wani jin katako da siririn binil ba ya bayarwa, kuma a mataki ɗaya na inganci yakan ɗan fi sauƙin kuɗi.

Maganar tayar kujera tana da magani mai arha, kuma ya kamata a yi shi ko wane daɓe aka sa. Yawancin kujerun ofis suna zuwa da taya ta baƙar roba mai tauri, wadda don kafet aka yi ta. Ga daɓe mai tauri akwai taya mai laushi, irin ta takalmin taya na yara, ana sayar da ita biyar-biyar. Ta jikin kujerar fizgo ta ake yi, a tura sabuwar, aikin minti biyar. In ba a samu ba, a shimfiɗa faranti na roba mai haske ko ƙaramar darduma mara gashi a ƙarƙashin kujerar. Sai dai a kula da abu ɗaya: baƙar roba irin ta taya, da dardumar da aka yi wa bayan roba, in sun daɗe a kan binil suna bar masa tabo rawaya wanda ba ya fita da wanki. Sannan a share wurin kullum. Tsintsiya mai laushi ta fi kowane magani da ake sayarwa a kwalba.

Yanzu ga abin da za ka duba a jikin kwali, domin nan ne ake yi wa mai saye rufa-ido. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan mai kauri ne, milimita 12," kamar kauri shi ne inganci. A laminet abin dubawa shi ne lambar AC. Ana samun ta ne ta hanyar ɗora allon a injin da ke murza shi da sanfefa, a ƙirga juyi nawa zai yi kafin zanen ya soma gogewa. AC4 sai ya jure juyi 4,000. AC3 ya isa ɗakin kwana da falo, amma ga ɗakin da kujera mai taya za ta zauna, kada ka sauka ƙasa da AC4. A binil kuwa abin dubawa shi ne kaurin rufin sama, wannan siririn gilashi-gilashin da ke kare zane, ba kaurin allon duka ba. Akwai na milimita 0.2, da 0.3, da 0.5. Na 0.5 shi ne na ɗakin aiki. Kayan da suka bi ma'aunin Turai suna kuma ɗauke da wata lamba mai nuna inda suka dace: masu farawa da 2 na gida ne, masu farawa da 3 na wuraren kasuwanci da ofis. Ka nemi 32 ko 33. In kwali ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, babu sunan kamfani, babu ƙasar da aka yi shi, ka ajiye shi komai kyansa. Araha ba ta ado.

Ka kuma sa hanci. Gam ɗin da ke riƙe cikin laminet yana fitar da wani sinadari da ake kira fomaldihaid, wanda in ya yi yawa yana sa yajin ido da maƙaƙin maƙogwaro, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin masu haddasa cutar tun 2004. Kayan kirki suna da alamar E1, wato abin da suke fitarwa bai wuce ƙa'ida ba. Binil mai araha shi ma yana da nasa warin na roba, wanda zafi ke ƙara tayarwa. Wannan ɗaki ne da za ka rufe ƙofa da taga ka kunna na'urar sanyi ka wuni a ciki. Ka buɗe kwali a shago ka shaƙa. In warin ya buge ka, to a ɗakinka zai fi haka. Ko mai kyau ne, a bar tagogi a buɗe kwanaki kaɗan bayan shimfiɗawa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da sai an shiga aiki ake tuna su. Ƙofofinmu da yawa na ƙarfe ne, ba a fere su kamar na katako. Laminet na milimita 8 da soson da ake sa masa a ƙasa sun kai 10 ko 11, wani lokaci ƙofar ba za ta buɗe ba sai an kira mai walda. SPC na milimita 5 yakan wuce ƙarƙashinta lafiya. Ka auna kafin ka saya. Batirin sola kuma, wanda yanzu ɗakunan aiki da yawa suna da shi, babba ɗaya yakan kai kilo 60. Daɓen da ke kulle da juna ba a liƙe yake da ƙasa ba, yana buƙatar ya ɗan motsa gaba ɗayansa, in an danne shi da batura huɗu a gefe guda da kantar littattafai cike a ɗaya gefen, mahaɗin tsakiya ne zai buɗe. Gara a kafa kanta da mazaunin batir a kan sumunti tukuna, a zagaye su da daɓen. Ga wanda ke yawan taro ta intanet ko ɗaukar murya, laminet yana da ƙara, takun ƙafa da gungurin kujera suna amsawa kamar ganga in ba a sa soso mai kyau ba, binil ya fi shiru. Da hunturu kuma laminet yakan tara wannan tartsatsin da ke fisgar yatsa in ka taɓa ƙarfe, don haka kafin ka buɗe cikin kwamfuta ka taɓa ƙarfen taga.

Sai daidaiton ƙasa, wanda a nan binil ya fi tsanani. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko katako mai tsawon mita 2 a wurare daban-daban. In ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, sai an cike. Laminet mai kauri yana iya haye ɗan ƙaramin rami. SPC siriri ne, bakinsa kuma mai gautsi, in kujera ta riƙa bi ta kan wurin da ba shi da madogara a ƙasa, bakin zai karye, allon ya riƙa motsi. Binil mai laushi kuwa duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya nuna, ko ƙwayar tsakuwa ce, ko layin tsakanin tayil. Ana iya shimfiɗa laminet ko SPC a kan tsohon tayil in bai ɓamɓare ba kuma a daidaice yake, abin da ya sa masu zaman haya ke son su, tunda ranar tashi mutum yana iya kwance kayansa ya tafi da su.

Lissafin saye ba shi da wuya. Ɗakin da magina ke cewa sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 kowane gefe, ya ɗan haura murabba'in mita 13. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da ɓarna, ka sayi 15. Ka tabbata kwalayen duka zubi ɗaya ne, lambar tana jikinsu, domin launi yakan ɗan saɓa daga zubi zuwa zubi. Abin da ya rage ka adana shi a kwance a wuri busasshe. Kayan nan daga waje ake shigo da su, yawanci daga Sin da Turkiyya da Turai, zanen da ka saya bana da wuya ka same shi baɗi.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga tayil? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na raina ta. Tayil ba ya tsoron ruwa ko gara ko garwashi, akwai ma mai zanen katako. In ɗakinka yana da danshin da ba za ka iya magancewa ba, shi ne amsarka. Abin da ke kai mutane ga waɗannan biyun shi ne sanyin tayil a ƙafa da asubahin hunturu, da amon da yake sa wa ɗaki, da yadda waya ko kwamfutar hannu ke tarwatsewa in ta faɗo a kansa, da kuma ƙura da fashe-fashen da sa shi ke jawowa a gidan da ake zaune ciki. Alluna kuwa wuni ɗaya an gama, washegari ka mayar da teburinka.

Nawa ɗakin, bayan damina ta wuce, mun kwashe laminet ɗin duka. Rabin allunan da ke nesa da taga ba abin da ya same su, na ba wani ɗan'uwa da ke zaune a bene ya shimfiɗa a ƙaramin ɗakin karatunsa, suna nan lafiya har yau. Ni kuma na sa aka gyara magudanar da ke bayan bangon, aka bar ƙasar ta sha iskar hunturu, aka cike ramuka, aka shimfiɗa leda, sannan aka sa SPC mai rufin milimita 0.5. Na canja tayoyin kujera, na rataya labule mai kauri a tagar yamma. Damina uku ke nan.

Ga hukuncina. In ɗakin aikinka a bene yake, nesa da banɗaki, kai ne kuma mai iko da yadda ake share shi, sayi laminet AC4, za ka ji daɗinsa shekaru. In a ƙasa yake, kamar yadda yawancin ɗakunanmu suke, sayi SPC mai rufin 0.5, ka sa masa ledar tare danshi da taya mai laushi. Kafin ka biya ko sisi, ka jira Agusta ka liƙa ledar gwaji a kan sumuntin ɗakinka.